Wa Za Ka Danƙa wa Karenka? Jagorar Zaɓen Mai Jan Kare a Gasannin Amurka

A gasar nuna karnuka ta Amurka, alƙali ba ya wuce kamar minti biyu a kan kare ɗaya. Ƙungiyar AKC, wadda aka kafa a 1884 kuma take kula da yawancin gasannin ƙasar, ba ta yarda a ɗora wa alƙali fiye da karnuka 175 a yini ba, kuma ana sa ran ya duba wajen 25 a awa guda. Cikin wannan ɗan lokaci zai buɗe bakin kare ya ga yadda haƙora suka haɗu, ya shafa kafaɗa da gadon baya, ya sa a zaga da shi fage don ya ga takunsa, sannan ya yanke hukunci. Ba dabara ake so kare ya nuna ba, ba kuma biyayya ba. Kowane iri yana da rubutacciyar siffarsa, daga tsayin ƙafa har zuwa zaman kunne, kuma wanda ya fi kusa da wannan siffa a idon alƙali shi ke tafiya da kintinkirin nasara.

Ƙurewar lokacin nan ce ta haifi sana'ar jan kare. Mai ja shi ne wanda ake biya ya shiga fage da karen wani: ya tsayar da shi daram a kan ƙafa huɗu, ya ja shi da saurin da ya dace da irinsa, ya fito da kyawunsa fili, ya kuma san yadda zai kau da idon alƙali daga inda ya gaza. A ƙasar Hausa, inda kare na gadi ne ko na farauta, abin zai zo wa mutum baƙo. Amma wanda ya san sukuwa ya san tsarin: doki na wani, linzami a hannun wani. Maza da mata duk suna sana'ar, matan kuma ba a baya suke ba, domin Katie Bernardin ce ta ja karen da ya lashe gasar Westminster ta Niyok a 2025.

Sabon shiga yakan zauna a bakin fage ya ga wanda ya fi kowa ci, ya ce to, ga mutumina. Nan ake fara ɓata. Karenka zai yi minti biyu a gaban alƙali, sauran yinin da daren duka yana keji, ko bayan mota, ko gidan mai ja, wani lokaci na watanni, kai kuma kana wata jiha. Amana za ka bayar, kuma ita ya kamata ka auna kafin ka auna ƙwarewa.

Ka fara da karen

Kafin ka nemi kowa, ka san abin da ke hannunka da abin da kake so. A ƙa'idar AKC, sai kare ya kai wata shida yake shiga gasar neman maki, kuma wanda aka fiɗiye ko karyar da aka cire wa mahaifa ba sa shiga ajin da aka saba, tun da asalin gasar zaɓen dabbobin da za a ci gaba da iri da su ne. Kare yana zama zakara idan ya tara maki 15. Ba a samun fiye da maki biyar a gasa ɗaya, kuma dole cikin goma sha biyar ɗin a sami manyan nasarori biyu, wato masu maki uku zuwa biyar, a hannun alƙalai biyu daban, sannan alƙali na uku ya ba da aƙalla maki ɗaya. A kowane iri, namiji ɗaya da mace ɗaya kaɗai ke samun waɗannan maki a gasa ɗaya. Yawan makin kuwa ya danganta da yawan abokan karawar da aka doke, kuma jadawalinsa yana sauyawa daga yanki zuwa yanki, daga shekara zuwa shekara.

Buri iri biyu ne, kada ka haɗa su. Akwai mai son karensa ya cika maki 15 ya dawo gida da kambu. Akwai kuma mai son ya zaga ƙasa shekara guda cur yana farautar matsayi a jerin gwanaye, da hotunansa a mujallu irin su Dog News da The Canine Chronicle. Na biyun harkar masu hannu da shuni ce, har sukan haɗa kuɗi mutum biyu ko uku a kan kare ɗaya. Kuma ba don riba ake yi ba: Westminster, wadda ake yi tun 1877, kofi take bai wa gwarzonta, ba kuɗi ba.

Ka kuma tambayi kanka ko dole ne ka ɗauki mai ja. A Ingila, inda ake gasar Crufts tun 1891, yawancin karnuka masu su ne ke shiga da su da kansu. A Amurka ma AKC ta ware wata gasa ta musamman ga masu jan nasu. Idan kana da ƙafa da lokaci, kuma gashin karenka ba mai wahalar gyara ba ne, azuzuwan koyo na ƙungiyoyin unguwa za su iya isarka. Mai ja yana da amfani ne ga wanda aiki ko rashin lafiya ya ɗaure, ko wanda irin karensa ke da cunkoson ƙwararru har ɗan koyo ba ya iya leƙa kai.

Mutum na farko da za ka nemi shawararsa shi ne wanda ya kiwata uwar karenka ya sayar maka da ɗan kwikwiyon. Ya san jinin, ya san wanda ya taɓa jan 'yan'uwan karen, ya san wanda aka yi rabuwar arziki da shi da wanda aka yi baram-baram.

Ba kowane gwani ne gwanin irinka ba

Duba tarihin Westminster kaɗai ya ishe ka hujja. Gabriel Rangel ya ci sau uku, a 2010 da 2014 da 2019, duk da karnukan rukunin teriya. Kaz Hosaka ya ci a 2002 da 2024, duk biyun da matsakaicin fudul. David Fitzpatrick ya ci a 2012 da 2021, duk da ɗan guntun karen nan mai tulin gashi, Pekingese. Wannan ba dace ba ne. Gashin teriya mai kaushi da hannu ake tsige shi, kaɗan-kaɗan cikin makonni, domin injin aski yana kashe kaushinsa da launinsa. Askin fudul aikin almakashi ne na awoyi. Wanda ya ƙware a ɗaya bai zama lallai ya iya ɗayan ba, kuma gashin da aka ɓata yau sai an yi watanni kafin ya dawo.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Azawak, dogon siririn karen Abzinawa da ya ɗauki sunan kwarin da ya ratsa arewacin Tawa a Nijar zuwa cikin Mali. AKC ta karɓe shi cikakkiyar karɓa a farkon 2019, ta sa shi rukunin karnukan farauta. Rubutacciyar siffarsa ta ce a ga haƙarƙarinsa uku zuwa biyar da ƙasusuwan ƙugu. Mai jan da bai san irin ba zai ɗauka yunwa ce, ya ɗura masa abinci, ya shiga fage da kare mai ƙiba wanda alƙali masani zai wuce ko kallo na biyu babu. Halinsa ma haka: Azawak na mutanen gidansa ne, ba ya son baƙon hannu, ga shi kuwa dole alƙali ya taɓa shi. Karen da ya yi wa alƙali barazana fitar da shi ake yi daga fage, wanda ya kai hari kuwa a soke shi. Irin wannan kare da lallashi ake saba masa, a hankali. Wanda ya saba da fizgar igiya zai karya masa zuciya cikin mako guda. Ga kuma matsalar ƙarancin iri: inda Azawak biyu ko uku kaɗai suka zo, babbar nasara ba ta samuwa, sai mai jan da ya san sauran masu irin, ya san gasar da suke haɗuwa.

Don haka tambayarka ta farko ita ce: karnuka nawa na wannan iri ka kai ga kambu, kuma na su wa? Amsar tana da sauƙin tantancewa. Littafin da ake bugawa na kowace gasa yakan nuna sunan wakilin kare, sakamako kuma yana intanet a shafin AKC da na kamfanonin shirya gasa. Ka nemi lambar mutum biyu ko uku da ya yi wa aiki, ka fi mai da hankali ga wanda ya riga ya bar shi.

Babu lasisin da ake nema kafin mutum ya kira kansa ƙwararren mai ja. Abin da ke akwai rajista ce ta ganin dama. AKC tana da shirin rajistar masu ja, inda ake duba shekarun gogewa, a leƙa makwancin karnuka da motar mutum, a tabbatar yana da inshora, ya kuma sa hannu a ƙa'idojin ɗa'a. Akwai kuma ƙungiyar masu sana'ar, PHA, da ke nan tun 1926. Ganin sunan mutum a ɗayansu alama ce mai kyau, domin aƙalla akwai inda za ka kai ƙara. Amma akwai nagari da ba sa ciki, kuma bajo a ƙirji ba ya ba kare ruwa.

Bayan fage

Gani ya kori ji. Ka je gasa biyu ko uku ba tare da karenka ba, ka bar kujerar 'yan kallo ka zaga inda masu ja suke kafa teburansu da kejinansu. Hancinka zai riga idonka ba ka labari. Ka duba ko akwai ruwa a kowane keji, ko shimfiɗa a bushe take, ko kejin ya isa kare ya miƙe ya juya. Ka duba ko an bar kare shi kaɗai a kan teburin gyara da igiya a wuya an tafi hira. Kare ya zame daga nan ya rataye kansa ba sabon labari ba ne. Ka ƙirga karnuka, ka ƙirga hannayen da ke kula da su. Mutum ɗaya da yaro ɗaya a kan karnuka ashirin, ka san akwai waɗanda ba a fitar da su fitsari a kan lokaci.

Yaran aikin mai ja su ma ka lura da su, domin su ne za su ciyar da karenka, su wanke shi, su kwashe kashinsa. Yadda yake yi musu magana, haka su ma za su yi wa dabbar.

Sai ka jira ya faɗi. Kowa fara'a gare shi idan ya ci. Abin kallo shi ne mintin da ya fito daga fage hannu rabbana: ya shafa kan karen ya ba shi guntuwar busasshiyar hantar da ke aljihunsa, ko ya fizge shi ya cusa a keji yana zagin alƙali? Karnukan ma shaidu ne da ba sa ƙarya. Wanda ke kaɗa wutsiya idan mai ja ya doso daban yake da wanda ke sunkuyar da kai.

Kada ka tare shi da tambayoyi yana shirin shiga fage. Ka karɓi lamba, ku yi magana bayan an tashi. Idan kun zauna, ka kai masa karen ya duba. Nagari zai taɓa shi kamar yadda alƙali zai yi, ya sa ka ja shi ya gani, ya faɗa maka aibinsa ba kunya. Zai iya cewa a ba shi wata shida ya cika, ko ma ya ce wannan kare na zaman gida ne, kada ka ɓata kuɗinka. Maganar tana da ɗaci, amma mai faɗinta ya fi wanda zai kalli hoto a waya ya yi maka alkawarin kambu cikin wata biyu. Ba a cinikin biri a sama, kuma babu mai jan da ke da iko da alƙali. Wanda ya fara raɗa maka cewa alƙalai abokansa ne, ka yi masa sallama. Haka wanda ya ce zai ɗan shafa wa gashin rini: dokar AKC ta hana sauya kamannin kare ta irin wannan hanya, kuma sunanka ne a takardar mallaka.

Karenka na nawa ne a layi?

Wannan ita ce tambayar da sababbi ba su san da ita ba, kuma ita ta fi haddasa ɓacin rai. A babbar gasa fagage da yawa ke aiki lokaci guda, alƙali kuma ba dole ne ya jira kowa ba. Mai jan da ya zo da karnuka goma sha biyu, dole wata rana a kira biyu daga cikinsu a fage biyu a minti ɗaya. Ko kuma ya ci aji biyu na iri ɗaya, karnukan biyu su haɗu a zagayen da ake raba maki. Jiki ɗaya gare shi. Ɗayan zai shiga da shi, ɗayan ya miƙa wa yaronsa ko wani abokin sana'a.

Kowane mai ja yana da jerin fifiko. Galibi zakaran da ake zaga ƙasa da shi ne a gaba, sai na tsofaffin abokan hulɗa, sai na sabon zuwa a ƙarshe. Babu laifi a wannan, haka sana'ar take. Laifin shi ne a ɓoye maka. Ka tambaya kai tsaye: idan aka yi karo, wa zai shiga da nawa? Ya san karen? Kuɗin da zan biya a ranar daidai yake da na ranar da kai ka ja? Kana da wani kare na irin nawa, kuma jinsi ɗaya? Idan yana da shi, to kana biyan mutum ne ya yi takara da kai.

A ganina, mai kare ɗaya da ke neman maki 15 ya fi samun biyan buƙata a hannun matsakaicin mai ja, wanda ya gama koyo a ƙarƙashin wani babba ya fara cin gashin kansa, a kan shahararren da karenka zai zama na goma sha biyu a motarsa. A wurin na farko karenka abin alfahari ne. A wurin na biyu kuɗin mai ne.

Akwai kuma hanya ta tsakiya: kai ka riƙe karenka a gida, ka gyara shi, ka kawo shi bakin fage, mai ja ya karɓa ya shiga da shi ya dawo maka da abinka. Ta fi araha, kare kuma yana kwana a gida. Sai dai ba ta yi wa kare mai ƙyuya da baƙo, ko mai gashin da gyaransa ya fi ƙarfinka.

Mota da makwanci

Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, shi ya sa rufaffiyar mota a lokacin zafi take kashe shi da sauri. A 2009, a jihar Missouri, karnukan gasa bakwai suka mutu a motar da mai jansu ta bar su suka kwana a ciki. A 2016, a jihar Indiana, goma sha huɗu suka mutu a babbar mota bayan wutar da ke tafiyar da na'urar sanyaya iska ta yanke. Masu karnukan nan sun biya kuɗi ne don a ci musu kintinkiri.

Saboda haka ka ce a buɗe maka motar ka shiga. Ka ga ko kejinan a ɗaure suke, ko iska tana kai wa na can ƙurya. Ka tambayi abin da zai faru idan na'urar sanyi ta mutu: akwai janareto, akwai ma'aunin zafi mai aika gargaɗi a waya, akwai mai kwana kusa da karnukan? Mai jan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, hasali ma da alfahari zai zaga da kai. Gidansa ma ka je, ka ga filin motsa jiki, da shinge, da wanda ke kula da karnukan da aka bari idan shi yana hanya.

Cuta ma tana bin taro. A 2017 murar karnuka ta bazu daga gasannin da aka yi a Jojiya da Fulorida zuwa wasu jihohi. Ka tambayi allurar rigakafin da yake nema kafin ya karɓi kare. Wanda bai nemi takardar rigakafin naka ba, bai nemi ta sauran ba.

Kuɗi da takarda

Ladan shiga fage shi ne ƙaramin abin da za ka biya. A kansa akwai kuɗin rajistar kowace gasa, da kuɗin kwana da ci na kowace rana a gidan mai ja, da wanka da aski, da kasonka na man mota da masauki, wanda ake rabawa tsakanin masu karnukan da ke motar. Akwai tukuicin da ake yankawa tun farko idan kare ya yi fice a rukuni ko ya lashe gasar gaba ɗaya, manyan gasanni kuma farashinsu daban. Ka karɓi takardar farashi a rubuce, ka ce ya nuna maka yadda lissafin wata guda na kare irin naka yake kamawa. Ka tambayi yadda ake raba kuɗin hanya, domin idan motar ta tafi da karnuka huɗu maimakon goma, kasonka ya ninka fiye da sau biyu.

Yarjejeniya kuwa a rubuta ta, ko da mutumin ɗan'uwanka ne. Ta faɗi wanda ke zaɓen gasar da za a shiga, da ko ana biyan lada ranar da kare bai shiga fage ba. Ta faɗi wanda ke riƙe kintinkiri da kofi da ɗan kuɗin kyauta idan akwai. Ta ba shi izinin kai kare wurin likitan dabbobi cikin gaggawa, ta kuma wajabta masa kiranka nan take. Ta ambaci inshorarsa da abin da ta ɗauka. Ta hana a yi barbara da karenka ba da saninka ba. Ta faɗi kwana nawa ɗayanku zai ba ɗaya sanarwa kafin rabuwa, da yadda za a dawo maka da kare.

Idan ya ce a sa sunansa cikin takardar mallaka don ya rage maka kuɗi, ka yi dogon tunani. AKC ba ta raba gardamar masu tarayya a kan kare, kotu take tura su, kuma kafin a gama shari'a ba ka iya sayar da shi sai da sa hannun abokin rigimarka.

Ka fara da gwaji na wata ɗaya ko biyu. Ka auna nauyin karen kafin ya tafi, ka ɗauki hotonsa. In ya dawo ka duba nauyi da gashi da farata, ka duba ko har yanzu yana murnar ganin igiya. Rashin ci a makonnin farko ba hujja ba ce a kan mai ja, domin alƙalai ra'ayinsu ya bambanta. Amma kare ya rame, ko ya koma tsoron hannu, ko ka yi kwana uku kana kira ba a ɗauka bayan gasa, wannan ya isa dalili. Ka je da kanka ka ɗauko shi, ka biya mutumin haƙƙinsa kaf a ranar, ka karɓi takardun rigakafi da na rajista. Masu sana'ar nan sun san juna, kuma na kirki a cikinsu ba zai karɓi karenka ba muddin abokin aikinsa yana bin ka bashi.